Tafiyata Hartum da Jikan da Aka Ce Ɗan Ruwa Ne

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne mai fitar da matafiyi ya kuma dawo da shi gida.

Tun da na dawo daga Sudan ban huta da tambaya ba. In na fito sallar La'asar a masallacinmu na Gyadi-Gyadi, kafin in sa takalmi wani ya kama min hannun riga: "Malam Habu, wai da gaske ka leƙa cikin jinin mutum?" Na ba da labarin har muryata ta dushe, kuma kowa ya ji sai ya kai gaba da ƙarin gishirinsa, har na ji an ce jirgin sama muka hau. Shi ya sa na zauna na rubuta shi da ajamina, mai son ya juya shi boko ya juya.

Mutanen unguwa sun san ni da rabon watanda. Duk ƙaramar Salla in an haɗa hannu an sayi sa, ni nake kasa naman, kuma dokata ɗaya ce: ba mai ɗaukar kashinsa sai kashi na ƙarshe ya cika. Ku riƙe wannan, zai dawo a gaba.

'Yata Rabi tana aure a Tarauni, gidan Garba direba. Allah ya ba su ɗan fari namiji, aka sa masa Yusufu. Watanni suka shuɗe wuyansa bai tsaya ba. Jikinsa laushi tiɓis, harshe a waje, idanu ƙanana a ɗan karkace. Shekara ta zagayo bai zauna ba. Uwar Garba, Iya Mero, ita ce mai faɗa a ji a gidan. Da farko in ta shigo ɗaki sai ta ce, "Ina mijin nawa?" yadda kaka ke wasa da jika. Sannu a hankali ta daina. Sai aka kawo wani mai magani ya ce ɗan ruwa ne, wai aljanun ruwa sun musanya shi tun yana ciki, ranar da Rabi ta je ɗiba a kududdufi da almuru. Wai a kai shi bakin Kogin Challawa a ajiye, a juya baya, in nasu ne su ɗauki abinsu.

Na je Tarauni da kaina. Na ce, "Iya, yaron da bai iya zama ba, a ajiye shi a gangaren ruwa a juya baya, ai ko ɗan wane ne gangarawa zai yi."

Ta ce, "Malam, kai karatu ka sani. Ni na haifi tara, ban taɓa ganin irin wannan a gidanmu ba."

Mun kai shi asibiti a birni, likita ya ce halitta ce. Iya ta ce likita bai taɓa ganin aljani ba balle ya gane ɗansa. Sai na tuna da yayata Hauwa, wadda ta tafi hajjin ƙasa da mijinta tun ina saurayi, suka tsaya a Sudan ba su dawo ba. Alhazai masu dawowa sun sha ba ni labarin ɗanta Usmanu, likita ne mai koyar da ɗalibai a Hartum, yana da madubin da ke nuna abin da ke cikin jini. Na roƙi a ba ni Rabi da yaron zuwa kafin damina. Garba ya amsa kansa a sunkuye. Iya ta ce, "Kai shi duk inda za ka kai shi, Malam. Kogi dai yana nan, ba inda za shi."

Wani abu kuma yana cin raina wanda ban faɗa wa kowa ba. Rabi ba ta kallon fuskar yaron, ba ta yi masa wasa, ba ta kiran sunansa. To haka al'ada take, mace tana kunyar ɗan fari. Amma na kasa gane ko kunya ce, ko ita ma maganar mai magani ta shige ta. Duk tafiyar nan idona ɗaya yana kan hanya, ɗaya yana kanta.

Mun tashi bayan ƙaramar Salla, a shekarar da aka mai da tuƙi hannun dama. Muka shiga mota a Unguwa Uku zuwa Maiduguri. Direban dattijo ne, hannunsa bai manta da hagu ba. In hira ta yi daɗi sai motar ta koma tsohon hannunta, fasinja su ɗauki salati, shi kuma ya ce, "Ku kwantar da hankalinku, shi ma na gaban mantawa zai yi." Ban runtsa ba har muka isa.

Daga Maiduguri muka yi Gamboru, inda ake tsallaka wata 'yar gada a shiga Kamaru. Jami'in can ya yi min Faransanci, na mayar masa da Larabcin littafi, muka tsaya muna kallon juna har wani Bashuwa ya shiga tsakani. Ya ce a kwance kaya. A ciki akwai ƙullin daddawa da kuka da na yi wa Yaya Hauwa tsaraba. Jami'in ya buɗe daddawar ya kai hanci, sai ya yi baya har hularsa ta faɗi. Ya tambaya mene ne ya mutu a ciki. Na ce a gaya masa miya ce. Ya yi min alama da hannu in ɗaure in wuce, bai ƙara taɓa komai nawa ba.

A Kusuri ne hanya ta ƙare a bakin wani babban kogi, birnin Lami na ƙasar Cadi yana tsallake. Jirgin fiton ya lalace, sai kwalekwale. A cikin ayarinmu akwai wata tsohuwa 'yar Haɗeja mai niyyar hajji. Ta leƙa goyon Rabi, ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya amma yadda Rabi za ta ji: "Malam, irin waɗannan fa ba a ƙetare ruwa da su."

Rabi ta kwance goyon ta miƙo min. "Baba, kai ka riƙe shi." 

Na rungume shi a ƙirji na shiga. Muna tsakiyar kogi igiyar ruwa ta bugi kwalekwalen ta watso masa a fuska. Yaron da kukansa ma da ƙyar ake ji, ya tsandara ihu har mai tuƙi ya waiwayo. Na ce wa tsohuwar, "Hajiya, ga ɗan ruwan naki, 'yan uwansa sun gaishe shi ya ƙi amsawa." Mutane suka yi dariya. Rabi ba ta yi ba, idonta a rufe har muka taka tudu. A nan na tabbata abin nata ya wuce kunya.

Cadi ƙasar jira ce. A lokacin ba lafiya a gabashinta, motoci ba sa tashi sai an taru soja sun raka. Muka sauka gidan wani fatoma Bakano, mai saukar da baƙi, kullum in na tambaye shi ya ce gobe. Na gaji da zama, in je tasha in dawo, in sake zuwa. Da muka tashi, a saman buhunan kaya muka zauna, kowa ya kama igiyar da aka ɗaure lodi. Abincin hanya tuwon gero ne da miyar busasshiyar kuɓewa da busasshen nama, sai shayi mai kauri a 'yan ƙananan kofuna, zaƙi kamar zuma. Mu a gida shayi na masu hali ne da marasa lafiya. Su kuwa ko mota ta kafe a rairayi sai an hura wuta an dafa kafin a yi maganar turi.

Bayan mun wuce garin Abeshe yaron ya kamu da gudawa. Idanunsa suka faɗa. Na yi ta tofa masa addu'a, zuciyata tana cewa in ya cika a nan, Iya Mero za ta ce masu shi sun biyo shi sun karɓa, kuma Rabi za ta yarda har ta mutu. Matar direbanmu, wata Bashuwa da ba ma jin maganar juna, ta karɓe shi ta riƙa ɗiga masa tafasasshen ruwan gero da ɗan gishiri, tana yi wa Rabi faɗa da hannu ta ƙara ba shi nono. Allah ya sa ya farfaɗo kafin mu kai iyaka.

Da shigarmu Sudan ta Janaina, abin da na fara lura shi ne gaisuwa. Mu durƙusawa muke yi wa babba. Su kuwa sai mutum ya dafa kafaɗarka kafin ya ba ka hannu, yaro ma ya dafa dattijo. Na farkon da ya yi min haka na ɗauka ture ni zai yi. Amma suna da wani hali da na so a ce muna da shi: a ƙofar gidaje sukan jera randunan ruwa a inuwa, duk mai wucewa ya sha ba sai ya yi sallama ba. A Niyala, a gidan da muka sauka, aka kawo mana faranti da miya, a gefe an ninke wani abu fari-fari, shara-shara. Na ɗauka ƙyallen goge hannu ne, na wanke hannu na goge da shi. Mai gidan ya yi ta dariya har ya ƙware. Ashe shi ne tuwon, kisira suke ce masa.

Daga Niyala jirgin ƙasa ne, mai tafiya kamar ba ya son zuwa, mutane har a kan rufinsa. A taragonmu akwai wani ɗan kasuwa, tare da ƙaninsa mai suna Ɗaha, gajere, ya isa aure. Ina ganin fuskar Ɗaha gabana ya faɗi. Idanun nan ne, harshen nan ne, kamar an ɗauki Yusufu an girmar da shi. Shi yake zuba mana shayi. In lokacin salla ya yi shi yake fara tashi, ya riƙa zungurar yayansa da ƙafa. Rabi ta kafa masa ido tun safe. Can ta ce, "Baba, tambaye shi, sun taɓa kai shi bakin ruwa?"

Na tambaya da Larabcina. Ɗan kasuwan ya ce, "Kullum. Shi yake kai jakinmu shan ruwa."

"Ya yi tafiya da wuri?"

"Sai da ƙanwarsa ta riga shi. Amma tun da ya tashi bai zauna ba."

Ɗaha ya ɗauki Yusufu ya ɗora a cinya yana hura masa iska a wuya, yaron yana ƙyalƙyala dariya. Na ga Rabi ta juya fuska wajen taga ta daɗe.

A Hartum muka sami Yaya Hauwa a unguwar Hausawa, ta tsufa ta rankwafa. Hausarta irin ta iyayenmu ce, wadda ba a ji yanzu ko a cikin birni. Da na kwance daddawar nan sai ta fashe da kuka, ta ce warin ɗakin innarmu ne. Usmanu ya zo da yamma, dogo, da tabarau, ya dafa kafaɗata ya ce, "Kawu, sannu da hanya." Ya duba yaron tun daga tafin hannu har tafin ƙafa, ya ce ya san abin, amma tun da shaida na zo nema zai nuna min da idona. Ya ɗebi jini kaɗan ya ce sai an ba shi 'yan kwanaki ya yi yaɗo a cikin kwalba.

Jira kuma. Na kasa zaune na kasa tsaye, ina tuna damina da maganar Iya. Kullum ina bin Usmanu wurin aikinsa ina tambaya ko jinin ya nuna. Wata rana na ji yana ce wa abokin aikinsa fararsa ta ƙare, ga darasin ɗalibai ya matso. Na ce a raina ga inda zan yi amfani. Na koma unguwa wajen matan Hausawa masu suyar fara, na zaɓo masa manya masu ƙwai, an barbaɗe su da yaji, na kawo a takarda. Ya buɗe, ya dube ni, ya dubi farar, ya zauna yana dariya har ya cire tabarau.

"Kawu, mai rai nake nema! Kuma namiji."

"To me ake yi da fara mai rai?"

"Gobe za ka gani." Ya cinye ta tas, ya ce rabonsa da ita tun yana yaro.

Washegari muka kamo masu rai a wata gonar bakin kogi. Ya tsaga marar ɗaya, inda irin namiji ke tsira, ya shafa a gilashi ya sa a ƙarƙashin madubin. Kafin in leƙa ya yi min bayani. Ya ce jikin duk mai rai an gina shi da ƙwayoyin halitta, ƙanana ainun, kuma ba sa ƙaruwa sai ta rabuwa, ɗaya ta zama biyu. A cikin kowace ƙwaya akwai wasu 'yan sanduna masu ɗauke da kamannin da ake gada. Da Larabci sibgiyyat ake ce musu, wato masu kama rini. Na mutum arba'in da shida ne, biyu-biyu, ɗaya na uwa ɗaya na uba. In za a yi irin haihuwa sai a raba su, kowane biyu su rabu, don uwa ta kawo rabi uba ya kawo rabi. Na fara manya ne, shi ya sa ake koyarwa da su.

Na leƙa. Na ga wani abu kamar ƙwai a ruwa, a cikinsa 'yan sanduna a manne biyu-biyu, sun jeru a tsakiya kamar sahun salla. Usmanu ya ce daga kowane ƙarshen ƙwayar akwai zaruruwa da suka kamo su, ba a ganinsu sosai a wannan madubi, sai dai a ga jansu. Zaren gabas ya kama ɗaya, zaren yamma ya kama abokinsa.

Na ce, "In duka biyun zaren gefe ɗaya ya kama su fa?"

Ya ce, "Sai ɗaurin ya yi sako-sako, ya kwance, a sake kamu. Ɗaurin da ake ja ta gefe biyu shi kaɗai yake zama daram. Wani malami a ƙasar waje ya gwada, ya sa siririyar allurar gilashi ya ja waɗanda aka kama ta gefe ɗaya, sai ɗaurin ya ƙi kwancewa don ya ji ja. Da ya saki ya kwance."

Na tuna yadda muke kawo san watanda daga kara, igiya ɗaya a ƙaho ɗaya a ƙafar baya. In na gaba da na baya suna ja, sa yana tafiya sak. Ranar da suka koma gefe ɗaya igiya ta saki, ranar ake gudu a unguwa. Na faɗa masa, ya ce in ba shi aron wannan ya koyar da shi.

Sai na lura akwai biyu da ba su shiga sahu ba, suna can gefe. Na ce, "To me ake jira? Ga su sun jeru." Ya ce in zuba ido. Na zuba har idona ya yi ruwa. Na miƙe na zaga ɗakin na dawo, suna nan. Aka kira Azahar muka je muka dawo, suna nan, duk sahun ya tsaya cik saboda waɗannan biyun. Ina shirin cewa ƙwayar ta mutu sai na ga sun motsa, suna jan jiki a hankali har suka shiga layi. Ba a jima ba duk sahun ya tsage a lokaci guda, rabi suka yi gabas rabi suka yi yamma. Tsigar jikina ta tashi. Na ce, "Subhanallahi! Wa ya gaya mata saura biyu?"

Ya ce, "Har yau ba mu sani ba, Kawu. Mun dai ga tana jira."

Dokata ta watanda ce, a cikin marar fara. Na ce to in akwai wannan tsantseni, ta ina kuskure yake shiga? Ya ce, "Kai mai rabo ne. Komai kulawarka, wata rana tsoka biyu sukan manne su tafi kashi ɗaya. Ba kasafai ba, amma yakan faru. Ba abin da uwa ta ci ko inda ta taka da ke jawo shi."

Da jinin Yusufu ya nuna, Usmanu ya rina shi ya ɗauki hotonsa ta madubin, ya wanke babba. Ya ce in zo da Rabi. Ya yanka sandunan daga jikin hoton da almakashi ɗaya-ɗaya ya zube su a tebur, ya ce, "Kawu, kasa min su biyu-biyu, dogo da dogo, gajere da gajere." Na naɗe hannun riga na fara, yana gyara min inda na karkace. Aiki ya tafi daidai har na zo kan 'yan ƙananan na ƙarshe. Na haɗa, ɗaya ya yi saura. Na wargaza na sake, ya sake yin saura. Wasu ƙanana guda uku ne iri ɗaya, ba yadda za a yi su zama biyu.

Rabi ta matso. "Wannan na ukun daga ina ya zo?"

Usmanu ya ce, "Daga jikinki ko daga jikin mijinki, ƙanwata. Ba shi da wata hanyar. Duk abin da ke teburin nan naku ne ku biyu."

"Ba a cire shi?"

"Ba a cirewa. Zai yi jinkiri a komai, zama da tafiya da magana. Ki kula da ƙirjinsa lokacin sanyi. Amma zai san ki, zai kuma so ki fiye da yadda kike zato."

 Kafin mu bar garin Yaya Hauwa ta kai mu inda koguna biyu suka haɗu suka zama Nilu, ɗaya fari-fari ɗaya baƙi-baƙi. Na miƙa hannu in karɓi yaron kamar yadda muka yi a Kusuri. Rabi ta ce, "Bar shi, Baba." Ta sauka da shi har bakin ruwa ta wanke masa ƙafafu.

Dawowa ba ta da labari mai yawa, sai dai zafi da gaggawa, ina duban gabas ko hadari ya fara haɗuwa. Mun shigo Kano ana sharar gona. Ban sauka a Gyadi-Gyadi ba, muka zarce Tarauni da ƙurar hanya a jikinmu.

Iya Mero tana tsakar gida tana tsince wake, Garba yana tsugune a gefe. Bayan gaisuwa na ciro hoton da Usmanu ya manna min sandunan a jere. Ta karɓa ta juya shi sama ta juya shi ƙasa.

"Duk wannan tafiyar, tsutsotsi ka je ka ɗauko mana, Malam?"

Na ce, "Iya, yaron nan ya ƙetare kogin Kusuri sau biyu, an wanke shi a Nilu. Challawa a wajensu kwata ce. Ba wanda ya zo karɓarsa."

"Wataƙila ba 'yan garinsu ba ne a can."

Na ga hoto ba zai yi ba, kogi ma ba zai yi ba. Na ce, "Shekara nawa ina aiko muku da kashinku na watanda? In kika buɗe kika ga tsoka ɗaya ta yi ƙari, kin taɓa cewa naman wani san ne?"

"Ina fa. Sai dai in ce Malam ya tsufa."

"To haka aka yi wa yaron nan. Wajen rabo aka yi masa ƙarin ɗaya, ga shi nan inda kika ga uku. Kuma daga jinin uwarsa ko na ubansa ya fito. Ba a ɗauke muku komai an musanya ba."

Ta ƙura wa ukun nan ido. Ta ce, "Mai magani dai ya ce..."

Sai Rabi ta yi magana daga bakin ƙofa, ita da ban taɓa jin ta ɗaga murya a gaban surukarta ba. "Iya, Yusufu ba ya zuwa bakin kogi. In za a kai shi sai dai a haɗa da ni."

 Garba ya ɗago kai. Iya ta riƙe haɓa. "La ila! Ku ji min marar kunya, tana kiran sunan ɗan fari gatsau a gabana. Abin da kuka koyo a Sudan ɗin ke nan?"

 Iya ta sake duban hoton, ta dubi goyon. Ta ce, "To ƙarin nan na wane ne? Namu ko naku?"

Na ce likita ya ce bai iya ganewa ba.

"Shi ne bai iya ba. Juyo min shi nan." Rabi ta juya baya. Iya ta kama kunnen yaron ta duba, ta duba ɗayan. "Kunnen gidanmu ne wannan, na marigayi mai gidan nan sak. Ƙarin namu ne. Ku mutanen Gyadi-Gyadi me kuka tara da har za ku yi wa mutum ƙari?" Ta ture faifan wake gefe ta karkaɗe zani. "Kwanto min mijina, kun je kun ƙona min shi a rana."

Yanzu da nake rubutun nan Yusufu yana zama da kansa, in an jingina masa matashi. Bai fara rarrafe ba, kuma ba mai ƙirga masa. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu mu uku.